Lissafin maki da sake jarrabawa a Birtaniya: ga ƙannena 'yan Kebbi da Zamfara

Wanda ya yi digirinsa a Aliero, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, ya saba da lissafin gida: 70 zuwa sama A ce mai maki 5, a tara CGPA, wato matsakaicin makin duka kwasa-kwasai, wanda ya kai 4.50 ya fita da daraja ta ɗaya. Wanda ya faɗi kos kuma ya ɗauki kariyoba, baɗi ya sake zama, in ya dage har A yana iya ci. Ƙannena, in kun sauka Birtaniya ku ajiye wannan lissafin gefe.

A nan makin kansa ake tarawa, kuma kowane kos da nauyinsa, wato kiredit. Digirin farko kiredit 120 ne a shekara, makin tsira 40. Mastas kiredit 180 ne, yawanci 60 daga ciki na kundin bincike, makin tsira kuma 50. A mafi yawan jami'o'i, 60 ke ba ɗan mastas daraja ta tsakiya, 70 ta ƙoli. A ce ka ci 68 a kos mai kiredit 15, ka ci 52 a mai kiredit 30. Ba 60 gare ka ba, 57 ne da ɗoriya, don babban kos ya fi ja. Tun makon farko ka buɗe littafin ka'idojin sashenku, ka ga kaso nawa aka ba aikin rubutu, nawa aka ba jarrabawa, sannan ka raba lokacinka.

Sai maganar risit, wato sake zaman jarrabawa, wadda ita ce ta sa na yi wannan rubutu. In ka faɗi kos, za a ba ka damar sakewa, galibi wajen watan Agusta. Amma a yawancin jami'o'i makin risit yana da rufi. Ɗan mastas da ya sake zama ya ci 75, 50 za a rubuta masa. In kos ɗin mai kiredit 30 ne, wannan 25 da aka yanke ta sauke jimillarsa da maki 4 da ɗoriya, kuma a kan irin wannan tazarar mutum ke rasa darajar da ya yi shekara yana nema. Wanda kuwa ya tsira da kyar, ya ci 51, ba a barinsa ya sake don ya ƙara.

Hanyar da ke cire rufin ita ce gabatar da uzuri, kuma nan mutanenmu ke cutar kansu. An tarbiyyantar da mu a kan dauriya. Yaro zai ji an rasu a gida, ko an kai hari ƙauyensu an tafi da ɗan uwansa, ya kwana yana waya, gari ya waye ya shiga jarrabawa bai gaya wa kowa ba, don yana ganin kai kuka raki ne. Wallahi abin yana yi mini ciwo. Jami'a ta tanadi fom musamman don rashin lafiya, rasuwa da makamantansu. In an karɓi uzurinka, ana iya ɗaukar zaman da za ka sake a matsayin na farko, a rubuta maka duk abin da ka ci. Sai dai wa'adin gajere ne, wani wuri 'yan kwanaki bayan jarrabawar, kuma ana neman shaida, kamar takardar likita ko ta rasuwa. Wasu jami'o'in ma suna ɗauka cewa duk wanda ya shiga zauren jarrabawa ya amince lafiyarsa ƙalau. Don haka ka rubuta wa malamin da aka haɗa ka da shi kafin ranar, kada ka jira sakamako.

Masu tafiya wasu ƙasashe, tsarin ya bambanta. A Amurka ma'aunin 4.0 ne, kuma wasu makarantu na maye tsohon maki da sabo a lissafi, ko da yake tsohon yana nan a takardar sakamako. A Jamus 1.0 ce ƙoli, 4.0 tsira, kuma faɗuwa a zama na ƙarshe, galibi na uku, kan raba mutum da fannin.

Risit yana taɓa biza ma. Bizar zama bayan karatu a Birtaniya sai jami'a ta shaida wa hukuma ka kammala, kuma dole ka nema tun bizarka ta ɗalibi ba ta ƙare ba. In risit zai jinkirta sakamakonka, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje da fasfo ɗinka a duba ranakun tare da kai.