Yadda ake amfani da katin Oyster a Landan, da yi masa rajista, da biyan kuɗin hayar keke

Wanda ya saba miƙa wa kwandasta kuɗi ya karɓi canji, ranarsa ta farko a Landan takan zo masa da ɗaure kai. Tun watan Yulin 2014 motocin bas na birnin suka daina karɓar tsabar kuɗi, ko da fam ɗin Ingila ne cike da aljihunka. Kati ake dangwalawa a shiga. Wanda aka fi sani shi ne Oyster, shuɗin katin da hukumar sufuri ta birnin, TfL, ta fito da shi a 2003, kuma yana aiki a bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da layin jirgin ƙasa na Elizabeth, da galibin jiragen ƙasa na cikin gari.

Da farko ka tambayi kanka ko kana buƙatarsa

Tun 2014 ƙofofin jirgin ƙarƙashin ƙasa suna karɓar katin banki irin wanda ake dangwalawa ba sai an sa lambar sirri ba, har da wayar da aka ɗora mata katin, kuma kuɗin tafiya na babban mutum ɗaya ne da na Oyster. In kana da katin bankin Ingila, kana iya wucewa da shi kawai. Amma baƙon da ya sauka daga Kano ko Yamai, shawarata ya sayi Oyster. Katin naira ko na sefa ba kullum yake amsawa a waje ba, in ma ya amsa banki na iya ɗora ladan canji, kuma babu daɗi ƙofa ta ƙi buɗewa alhali mutum hamsin na bayanka suna sauri. Oyster kuwa ana loda masa tsabar kuɗi.

Saye da loda kuɗi

Ka nufi injin tikiti a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, har da ta filin jirgin sama na Heathrow, ko ƙananan shagunan unguwa masu alamar Oyster a ƙofa. Za ka biya kuɗin katin kansa, wanda tun Satumban 2022 ba a mayar da shi, sannan ka zuba abin da za ka riƙa kashewa. Katin ba ya ɗaukar fiye da fam 90. Kowane babba da nasa katin: miji da mata ba za su shiga da guda ɗaya a tafiya ɗaya ba. Yaran da ba su kai shekara 11 ba suna shiga kyauta, har huɗu a jirgi idan suna tare da babban da ya biya.

Dangwalawa: nan ne kuɗi ke zurarewa

A bas sau ɗaya ne. Ka ɗora katin a kan faifan nan mai ruwan ɗorawa kusa da direba, ka ji ƙara, ka nemi wurin zama. In za ka sauka ba ka taɓa komai. Kuɗin bas bai dogara da nisa ba, fam 1.75 aka tsayar a 2023, kuma in ka sake shiga wata bas cikin awa ɗaya daga dangwalawar farko ba a ƙara cire maka ko sisi. Magajin gari Sadiq Khan ne ya kawo wannan rangwamen a 2016.

A jirgi sau biyu ne, shiga da fita, domin an raba birnin shiyya-shiyya daga ta 1 a tsakiya zuwa ta 9 a gefe, kuma na'ura sai ta san inda ka hau da inda ka sauka kafin ta yi lissafi. In ka manta na fita, sai ta ɗauka ka yi tafiya mafi tsawo ta cire maka kuɗi mafi tsada. An fi faɗa wa wannan tarko a tashoshin da ba su da ƙofa, irin na jirgin DLR mai zirga-zirga a gabashin birnin, inda faifan ke tsaye a gefe kamar ba ruwansa da kowa. Ko ka tarar da ƙofa a buɗe, ka dangwala.

Sai ka kula da abu biyu. Ka zaro katin daga walat, kada ka ɗora walat ɗin gaba ɗaya, don na'ura na iya cafke katin bankinka maimakon Oyster. Kuma abin da ka shiga da shi, da shi za ka fita, da shi kuma za ka ƙarasa yinin: akwai iyakar abin da ake cirewa a rana, in ka kai ta sauran zirga-zirgarka a waɗannan shiyyoyi kyauta ce, amma in ka rarraba tsakanin kati da waya kowanne lissafinsa daban. Jirgi ya fi tsada daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Wanda ba aiki zai je ba, ya sha shayinsa a natse ya fita bayan tara da rabi.

Rajista: a yi ko a bari?

Ba dole ba ce. Katin da ba a yi wa rajista ba yana aiki sarai, ba ya ɗauke da sunan kowa, kana iya ara wa ɗan'uwanka ranar da ba ka fita, muddin kuɗin tafiya ne kawai a ciki babu wani rangwame. Sai dai tamkar takardar kuɗi yake: in ya faɗi, wanda ya tsinta ya samu.

Yin rajistar ba wuya. Ka buɗe asusu a shafin TfL ko manhajarsu, ka shigar da lamba 12 da ke bayan katin, ka amsa tambayar da za su yi don tabbatar da cewa naka ne. Daga nan in ya ɓace za ka iya sa a toshe shi a mayar da ragowar kuɗin kan sabo. Za ka ga tafiye-tafiyenka na mako 8 da suka wuce, ka kuma nemi a maido maka abin da aka cire saboda mantuwar dangwalawa. Kana iya loda kuɗi daga waya, amma ba sa shiga katin sai ka dangwala shi a wata tafiya bayan kamar rabin awa, don haka kada ka loda a bakin ƙofa ka zata an gama. Akwai kuma tsarin da katin ke cika kansa daga bankinka duk lokacin da kuɗi suka yi ƙasa.

Ga wanda zai yi mako ɗaya da fam 30 a kati, ban ga dalilin wahalar ba. Wanda zai zauna wata da watanni, ko ya ɗora tikitin wata mai tsada, ganganci ne ya bar shi haka. Ɗalibi mai shekara 18 zuwa sama da ke karatu a makarantar da ke cikin tsarin, kuma yana zaune a Landan, ya nemi katin ɗalibai mai hoto, wanda ke rage kashi 30 cikin 100 na tikitin mako ko wata. Shi wannan da sunanka yake, ba a aronsa. Akwai kuma na baƙi, Visitor Oyster, da ake saye kafin a iso. Shi ba a yi masa rajista sam.

Keke: ajiye Oyster a aljihu

Nan ne kusan kowane sabon zuwa ke yin tuntuɓe. Jajayen kekunan haya da ke jere a bakin titi na TfL ne, amma ba sa karɓar Oyster. An fara su a Yulin 2010 zamanin da Boris Johnson ke magajin garin Landan, shi ya sa har yau ake laƙaba musu sunansa, kuma tun 2015 sunansu Santander Cycles. Tsabar kuɗi ma ba sa karɓa. Hanya uku ce: katin banki a injin da ke wurin ajiyar, ko manhajar Santander Cycles, ko ɗan makullin roba da ake aiko wa wanda ya yi rajistar zama mamba.

In da katin banki ne, ka taɓa allon injin, ka zaɓi hayar keke, ka biya. Zai turo maka 'yar takarda mai lamba 5, waɗanda duka daga 1 da 2 da 3 aka haɗa su, kuma minti 10 kawai take aiki. Saboda haka ka fara zaɓar kekenka kafin ka biya: ka matsa taya, ka gwada birki, ka daidaita sirdi. Sai ka danna lambar a maɓallan da ke gefen keken, in fitila ta yi kore ka fizgo shi baya da ƙarfi, don yana da nauyi. Farashin da aka sa a 2022 shi ne fam 1.65 na rabin awa, kuma kowace rabin awa da ta biyo baya ana ƙara wani. Akwai tikitin yini, na wata da na shekara, ka duba allon ka ga na ranar. Masu lantarki sun fi tsada, kuma sai ta manhaja ko makulli ake ɗaukarsu. Kekunan haya na kamfanin Lime da ake gani a yashe ko'ina harkarsu daban ce, da tasu manhajar, suna lissafi da minti.

A Ingila ta hagu ake tuƙi, kuma ba a ba da hular kwano tare da keken.

Mayarwa ta fi ɗauka muhimmanci. Ka tura keken cikin ramin ajiya da ƙarfi, ka tsaya sai ka ga koren fitila da idonka. In ba ta kama ba, a wurin na'ura har yanzu keken yana hannunka, kuɗi na ta hawa, kuma in ya ɓace tarar na iya kai fam 300. In ka iso ka tarar babu gurbi, kada ka jingine shi ka tafi: ka je allon injin ka zaɓi cewa wurin ya cika, za a ƙara maka minti 15 kyauta, a kuma nuna maka wurin ajiya mafi kusa da ke da fili.