Bindiga da harsashin shiga sarƙaƙiya

Wani ƙanena a Sabon Zongo ya tara kuɗi zai sayi bindiga, wai shi doguwa yake so mai madubin hange da za ta ci mita 300. Na ce masa kai Malam, a dajin da ke kewaye da Kumasi ina za ka hangi mita 300? Bayan gonar koko, wajen da ciyawa da kurangar daji suka haɗe, in ka ga dabba a taku ashirin ma ka yi sa'a.

To abu na farko, nemi gajera mara nauyi wadda za ta hau kafaɗarka nan take, don doguwa sarƙewa take yi a reshe, kafin ka zaro ta gada ta shige. Shotgan, wato mai watsa ƙwayoyi da yawa a harbi ɗaya, mai lamba 12, baki ɗaya ko baki biyu, ita maharbanmu suka fi riƙewa kuma ta wadatar. Akrantie, gyazbi ke nan, harsashin BB ya ishe shi, ƙwayarsa wajen milimita 4.5 ce. Gada ko mazo kuwa sai mai manyan ƙwayoyi, kuma kar ka wuce mita 30, in ka wuce rauni kawai za ka yi mata ta je ta mutu inda ba mai yanka ta, abin nan yana ci min rai wallahi.

In raifil, mai harba ƙwaya ɗaya, ka samu lasisinta, mai cin harsashin .30-30 da kamfanin Winchester suka fitar tun 1895 don irin wannan kusa-kusa ta dace, ba ta dukan kafaɗa sosai. Saitin ƙarfe ya fi, in dole sai madubi to mai ƙaramin ƙarfi, don babba ganye kawai zai cika maka ido.

Amma maganar da ake yi wai harsashi mai nauyi yana ratsa reshe ya tafi sak, kar ka yarda. Kowanne ne, ya taɓi tsinke kaucewa zai yi. Na taɓa harbin mazo ta cikin ganye, da na je sai ɓawon itace da ya tsage a gefe, ba ko ɗigon jini. Jira sai ka ga kafaɗa fili, ka kuma san abin da ke bayanta, don manoma da masu itace suna cikin dajin nan, motsin ganye ba dabba ba ne.

Kafin ka shiga, kafa kwali a taku 25 ka harba ka ga yadda ƙwayoyin suke bazuwa, kowace bindiga da halinta. Harsashi a leda saboda danshi, kuma leƙa bakin bindigar ko laka ta toshe shi.

Lasisi wajen polis ake yi, duk shekara a sabunta. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a Ghana, akrantie kawai aka bari, shi ma sai da takardar hukumar namun daji.