Yadda za ka zana taswirar filinka da waya kafin ka aza bulo

'Yan uwa na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi, yanzu kowa ya tara 'yan sidinsa sai ya nufi bayan gari neman fuloti, to don Allah kafin ka miƙa kuɗi ka fara sanin abin da ke cikin filin da abin da ke kewaye da shi, wayar da ke aljihunka ta isa ta fara maka aikin.

Ka sauke manhajar taswira ta OsmAnd ko Organic Maps, in ka riga ka sauke taswirar Ghana suna aiki ko babu data. Ka je filin da mai sayarwa da wani naka da zai zama shaida, ka tsaya kan kowace fila ta kusurwa, wato ginshiƙin da ke nuna iyaka, kar ka yi gaggawa, ka ba wayar kamar minti 2 ta nutsu sannan ka ajiye alama ka ɗauki hoton filar. In bishiyar ntome ce iyakar, yadda Asantawa suka saba, ita ma ka ɗauke ta. Ka ciri adireshin GhanaPostGPS na wurin, tun 2017 ake amfani da shi.

Sai maganar ruwa, nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Mai sayarwa da rani zai kai ka, ƙasa a bushe tas, kai kuma ka koma a watan Yuni ko Oktoba washegarin ruwa mai ƙarfi. Dubi katangar maƙwabta, in ka ga layin jan laka ya kai gwiwa to ruwa ne ya rubuta maka gaskiya, ka sa alama a duk inda ya kwanta da inda ya bi ya fita. Ka tambayi matan da ke ɗiban ruwa a wurin, sun fi kowa sanin rijiyar da ke ƙafewa da wadda ba ta ƙafewa. A kwamfuta kuma Google Earth na nuna tsofaffin hotunan sama, ka ja shekarun baya ka gani ko fadama ce aka cike da jar ƙasa aka yanka fuloti. Duk wanda ya ga yadda rafin Aboabo ke shiga ɗakuna da damina bai kamata ya sake sayen wannan wahala da kuɗinsa ba.

Daga nan ka bi sauran, falwaya, taransifoma, famfo, gota, bola, masai. Rijiyarka ta yi nesa da ramin masai aƙalla mita 30, har na maƙwabci. Ƙarƙashin manyan wayoyin wuta kuwa ko kyauta aka ba ka ka bari.

Amma fa waya tana kuskuren mita 3 zuwa 5, a fuloti mai ƙafa 70 da 100 wannan ɗaki guda ne sukutum, don haka taswirarka ba ta tsaya maka a kotu. Dole safiyo mai lasisi ya auna ya yi maka takardar awon fili, ka kai Lands Commission, wato hukumar filaye, a bincika ko akwai sunan wani a kai. Yawancin ƙasar Kumasi ta kujerar sarauta ce, takardar da Nana, wato sarkin yankin, ya ba ka sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, babban sarkin Asantawa, kuma haya ce ba mallaka ta har abada ba, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, baƙo ba ya wuce 50.

Samarin Zango ma za su iya yi wa unguwa gaba ɗaya, a sa gotoci da famfuna da wuraren ambaliya a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a kai, kamar yadda aka yi a Nima ta Accra, a buga a kai wa ɗan asambuli, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma. Taswirar filinka kuwa ka buga kwafi biyu, hotunan ka tura wa ɗan uwanka ta WhatsApp saboda ɓatan waya.