Yadda Ake Bayanin Kalmar Dimokuraɗiyya Daga Tushenta

Duk malamin da zai yi wa ɗalibai bayanin dimokuraɗiyya ya fara da raba kalmar gida biyu a kan allo, tun kafin ya shiga zancen zaɓe da jam'iyyu. Girkawa suna cewa demokratia, haɗin demos, wato jama'a, da kratos, wato iko ko ƙarfi. Kratos ba ta da wuyar ganewa, don haka kada a ɓata lokaci a kanta.

Inda ya kamata a tsaya sosai shi ne demos, domin a birnin Atina na tsohuwar Girka kalmar tana da fuska uku. Tana nufin dukan 'yan ƙasa, tana nufin talakawa idan an ware su daga masu hannu da shuni, sannan tana nufin gunduma, ƙauye ko unguwar da aka rubuta sunan mutum a cikinta. A nan sai a kawo labarin Kilaisteniz, wani jagoran siyasa na Atina, wanda a shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa ya sake tsara mutanen Atina zuwa rukuni 10 bisa gundumominsu maimakon danginsu, kowane rukuni yana ba da mutum 50 ta hanyar ƙuri'a irin ta jefa sa'a, su cika majalisar mutum 500. A ganina ɗalibin da ya riƙe ma'anar talakawa zai gane dalilin da ya sa wasu masu faɗa a ji na wancan zamani suka ƙyamaci tsarin, suna ganinsa mulkin matalauta a kan attajirai.

Bayan haka a jera kalmar demokratia da 'yan'uwanta: aristokratia, ikon waɗanda ake ɗauka mafifita, da oligarkia, mulkin 'yan tsiraru. Kada kuma a ɓoye cewa mata da bayi da baƙi mazauna birnin ba su da murya a taron jama'a da ake yi a tudun Pnyx.

Daga ƙarshe a sa ɗalibai su furta kalmar da Hausa a hankali, su lura da harafin ɗ da kuma -iyya na ƙarshenta. Wannan siffar Larabci ce, kamar yadda harafin ɗa ya zo mana a ɗalibi da ɗabi'a, kuma tana nuna cewa kalmar Girkancin ta sanya rigar Larabci kafin ta zauna a bakin Bahaushe.