Yadda Ake Kafa Sabar Git ta Kanka da Gitea Ba Tare da Asarar Aiki Ba

Duk wanda ya kai ga tunanin kafa sabar ajiyar kod ta kansa, ina ɗauka ya riga ya san Git kuma ya iya shiga kwamfutar Linux ta SSH, don haka ba zan tsaya a kan waɗannan ba. Abin da na lura da shi a wurin masu farawa shi ne, girka manhajar ba ya ba su wahala. Wahalar tana zuwa ne bayan watanni, ranar da faifai ya mutu ko wani ya goge abu bisa kuskure, sai a tarar da cewa ajiyar da aka dogara da ita ba ta cika ba, ko kuma babu wanda ya san yadda ake dawo da ita.

A fara da zaɓar manhaja, kuma shawarata ita ce Gitea. Ta samo asali ne daga Gogs a shekarar 2016, an rubuta ta da harshen Go, kuma fayil guda ake saukewa a kunna. Forgejo, wadda ta ɓalle daga Gitea a ƙarshen 2022, ita ma ta yi, kuma yawancin abin da ke nan ya shafe ta, sai dai sunan umarni ya bambanta. GitLab tana da ƙarfi, amma tana cin gigabait masu yawa na ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ga ƙaramar ƙungiya wannan ƙarin kuɗin hayar sabar ne kawai. Gitea kuwa gigabait 1 ya ishe ta ga mutane kaɗan, har a kan Raspberry Pi tana aiki.

Mataki na farko shi ne a ƙirƙiri mai amfani na musamman mai suna git, domin Gitea ba ta yarda a kunna ta a matsayin root, wato asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar. A sanya fayil ɗin manhajar a /usr/local/bin/gitea, bayanai su zauna a /var/lib/gitea, saitin kuma a /etc/gitea/app.ini, sannan a rubuta mata fayil na systemd domin ta riƙa tashi da kanta idan kwamfuta ta sake kunnuwa. Game da rumbun bayanai, SQLite ya wadatar idan masu aikin ba su da yawa. Idan ana sa ran za su ƙaru, a ɗauki PostgreSQL tun yanzu, domin sauyawa daga baya aiki ne mai cin rai.

Mataki na biyu yana buƙatar lura. Da zarar an kunna Gitea, tana buɗe shafin girkawa a mashiga (port) ta 3000, kuma duk wanda ya riga isa shafin shi ne zai kammala saitin, ya zama shugaban sabar. Saboda haka kada a bar wannan mashiga a buɗe ga intanet ko na minti ɗaya. A rufe ta da katangar tsaro, a shiga daga kwamfutarka da umarnin ssh -L 3000:localhost:3000, a kammala girkawa ta burauza, a ƙirƙiri asusun shugaba nan take. Bayan haka a buɗe app.ini a sa DISABLE_REGISTRATION = true, in ba haka ba baƙi za su cika sabar da asusun banza. Masu amfani da Docker su sani cewa mashigar da Docker ya buɗe tana tsallake dokokin katangar tsaro ta ufw, don haka rufewar da suke gani a ufw ba ta kare su.

Sai a sa Caddy ko Nginx a gaba, wato manhajar da za ta riƙa karɓar buƙatu daga intanet tana miƙa wa Gitea, Gitea kuma ta riƙa saurare a 127.0.0.1 kaɗai. Na fi son Caddy domin yana karɓo takardar shaidar HTTPS daga Let's Encrypt yana sabunta ta da kansa. Wanda ya nace wa Nginx ya ɗaga client_max_body_size, domin asalin iyakarsa megabait 1 ne, kuma tura aiki mai nauyi zai riƙa faɗuwa da kuskure na 413. A tabbatar ROOT_URL da SSH_DOMAIN da ke cikin app.ini sun yi daidai da ainihin adireshin sabar.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ajiyar ko-ta-kwana. Masu farawa sukan ce ai kowane ma'aikaci yana da kwafin ma'ajiyar a kwamfutarsa, don haka babu fargaba. Gaskiya ne cewa Git yana ba kowa tarihin kod ɗin, amma rahotannin matsaloli, buƙatun haɗe aiki da duk muhawarar da aka yi a kansu, asusun mutane, izininsu da maɓallansu na SSH, duk a rumbun bayanai suke, kuma git clone ba ya ɗauko ko ɗaya daga cikinsu. Haka nan fayilolin da aka liƙa wa rahotanni da manyan fayilolin LFS (tsarin ajiye fayiloli masu nauyi a wajen ma'ajiyar Git) suna wata folda dabam. Ajiya ba ta cika sai ta haɗa ma'ajiyoyin Git, rumbun bayanai, foldar bayanai da app.ini. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali a cikinsa SECRET_KEY yake, wanda da shi ake kulle sirrin tantancewa mai mataki biyu. Idan ya ɓace, duk wanda ya kunna wannan tsaro ba zai iya shiga da lambarsa ba ko da an dawo da komai.

Umarnin gitea dump -c /etc/gitea/app.ini yana tattara waɗannan a fayil na zip, kuma a matsayin mai amfani git ake bayar da shi. Dokata ita ce a tsayar da Gitea kafin a ɗauki ajiya, domin idan wani ya tura aiki ana tsakiyar kwafa, rumbun bayanai zai faɗi abu ɗaya, ma'ajiyar ta nuna wani. Mintuna kaɗan da tsakar dare ba sa cutar da kowa. Masu PostgreSQL su ƙara da pg_dump, domin ya fi aminci wajen dawowa. A sa cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, ya yi wannan kullum, a kulle kwafin tunda cike yake da sirri, sannan a tura shi wata kwamfuta a wani wuri da restic ko makamancinsa. Ajiyar da ke kan faifai ɗaya da sabar tamkar ɓoye makullin ko-ta-kwana ne a cikin ɗakin da aka kulle.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne gwajin dawowa. Gitea ba ta da umarni guda da zai mayar da wannan zip ɗin. Da hannu ake yi. A samu wata kwamfuta fanko, a girka sigar Gitea iri ɗaya, a warware zip, a mayar da kowane abu mazauninsa, a loda rumbun bayanai, a mallaka wa mai amfani git dukkan fayilolin da umarnin chown. Daga nan a bayar da gitea admin regenerate hooks da gitea admin regenerate keys, domin idan hanyar fayiloli ta canza, shafin zai buɗe lafiya amma tura aiki ya ƙi. A shiga da asusu, a buɗe tsohon rahoto, a ɗauko ma'ajiya, a tura ƙaramin gyara. A rubuta kowane umarni da aka yi amfani da shi, kuma kada a ajiye rubutun a kan sabar da yake bayani a kanta.

Sauran kulawar ba ta da yawa. Kafin sabunta siga a ɗauki ajiya, a karanta bayanin canje-canje, a tsayar da manhajar, a maye gurbin fayil ɗinta, a kunna. Sabuwar siga tana sauya tsarin rumbun bayanai da kanta, kuma ba a komawa tsohuwa sai ta hanyar ajiya. A riƙa duba cikar faifai, a rufe asusun duk wanda ya bar aiki tare da cire maɓallansa, a kuma maimaita gwajin dawowa bayan kowace babbar sabuntawa.