Darasi na 7: Kula da Lafiyar Maijego

Bayan haihuwa, mahaifa tana ɗaukar kimanin mako 6 kafin ta koma yadda take, wato kusan daidai da kwana arba'in ɗin da iyayenmu suka ware wa jego. Hutun da ake ba maijego a wannan lokaci, da yadda uwa ko gwaggo ke karɓe mata girki da wanki, al'ada ce mai kyau da ya kamata a riƙe ta. Abin da ya wajaba mu gyara shi ne kunun kanwa da zafin ruwan wanka.

A nan Jos, inda sanyin hunturu ke ratsa ƙashi, sau da yawa za a ji tsofaffi suna cewa idan ba a gasa maijego sosai ba, sanyi zai shige ta. Don haka ake tafasa ruwa, a tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata safe da yamma, sannan a ɗura mata kunu mai kanwa da yawa. Niyyar tana da kyau, amma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya yana yawan kama mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da wannan al'ada. Kanwa dangin gishiri ce, tana sa jiki ya tara ruwa, jini ya hau, zuciyar da ta sha ɗawainiyar ciki wata tara kuma ta ƙara jigata. A sirka ruwan har sai gwiwar hannu ta iya jure shi, kunu kuma a dama na gyaɗa ko na tsamiya. Gwaten acca mai ganye, da wake, da hanta, da zogale, duk suna taimaka wa jiki ya mayar da jinin da ya zuba.

Yawan kwanciya ma yana da illa, domin yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Maijego ta riƙa zagaya tsakar gida a hankali, tana ƙara nisa gwargwadon ƙarfinta. Tana zaune tana shayarwa ma za ta iya matse gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar, ta saki, ta maimaita sau goma. Wannan yana rage ɗigar fitsari lokacin tari ko atishawa. Wadda aka yi wa tiyata kada ta ɗauki jarkar ruwa sai likita ya yarje mata.

Ko da lafiya lau take ji, a duba ta cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14, da kuma mako na 6. Idan kuwa jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko ƙafafu suka kumbura tana haki idan ta kwanta, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da gani dishi-dishi, maigida ya kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kada a ce a bari sai an yi suna.