Yadda ake ciyar da wanda aka cire wa tumbi saboda ciwon daji

Idan ciwon daji a ƙasan tumbi yake, likitan tiyata kan yanke mafi yawansa ya bar ɗan guntu a sama. Idan kuwa a sama yake ko ya bazu, sai a cire tumbin ɗungurungum, a ɗinke bututun abinci da ƙaramin hanji. Ana haɗawa da kaluluwar da ke kewaye, aƙalla 16, don a gane ko cutar ta kai can. Wannan aikin asibiti ne, amma murmurewa ko ci gaba da ramewa ya dogara ne da abin da ake zuba wa majinyaci a kwano a gida.

Cin abinci sau uku a rana ya ƙare, tunda babu ma'ajiya. A raba abincin yini kashi 6 zuwa 8. A makonnin farko kowane kashi kada ya wuce rabin kofin shayi, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kada a jira sai ya ce yana jin yunwa, don da yawa ba sa jin ta bayan wannan aikin. A ba shi duk bayan awa 2, ya tauna har ya zama kamar kunu kafin ya haɗiye. A fara da abin da ke gina jiki: dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza da ya dahu luguf, alale. Tuwo mai laushi da miyar kuka ya biyo baya. Ruwa kuwa ba a korawa da shi, sai minti 30 kafin ci ko bayansa, a kurɓa kaɗan-kaɗan.

Inda aka fi samun matsala shi ne zaƙi, kuma galibi 'yan dubiya ne ke kawo shi da kyakkyawar niyya: lemon kwalba, shayi mai madarar gwangwani, koko da aka cika wa sukari. Abu mai zaƙi yakan kwararo cikin hanji gaba ɗaya ya jawo ruwa daga jini. Cikin minti 10 zuwa 30 sai ciki ya murɗa, zuciya ta riƙa bugawa, ga gumi, ga jiri, wani lokacin har da zawo. Ya kishingiɗa kamar rabin awa, zai lafa. Akwai iri na biyu na wannan matsalar da ke zuwa bayan awa 1 zuwa 3: jiki ya saki insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini, da yawa, sukarin jini ya faɗi, mutum ya kama karkarwa ya rikice. A nan ne kaɗai za a ba shi ɗan zaƙi, a bi shi da ƙwai ko gyaɗa.

Tumbi ne ke samar da sinadarin da jiki ke shan bitamin B12 da shi. Wanda aka cire wa duka zai riƙa karɓar allurar B12 muddin ransa, duk wata ko duk wata 3, gwargwadon nau'in allurar. Hanta na riƙe da ajiyar da kan kai shekaru, shi ya sa wasu ke dainawa suna ganin lafiya lau, sai daga baya jini ya yi ƙasa, ƙafafu su fara mutuwa. Sinadarin ayon, wato na ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, ma yana raguwa, kuma shayi na hana shi shiga jiki, don haka kada a sha shayin tare da abinci ko da maganin ƙarin jini.

Idan majinyacin yana kuma fama da ciwon raunin tsoka na mayasteniya girabis, ya sanar da mai sa barci tun kafin ranar aiki, saboda magungunan sassauta tsoka na iya sa numfashinsa ya daɗe bai dawo ba. Magungunan jentamaisin, siprofuloksasin da kwinin duk suna iya tayar da wannan ciwon na tsoka. Maganinsa na firidostigmin ma kan sa murɗar ciki da zawo, amma kada ya rage shi da kansa.

Zazzaɓi, bugun zuciya da ciwon ciki mai tsanani a makonni 2 na farko na iya nufin ɗinkin ciki na yoyo, a koma asibiti a ranar. Haka ma baƙin bayan gida, amai ba ƙaƙƙautawa, ko abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Azumi kuma sai likitan da ya yi aikin ya amince.